Shuɗin Fensir a Gefen Takarda

Montréal,
9 ga Oktoba, 2011

Zuwa ga matata Lorraine,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kuma iskar bakin kogi ba ta tayar miki da ciwon gwiwa ba. Yaya yayarki Pierrette? Ki gaishe ta, ko da yake na san gaisuwar ba za ta dawo ba. Ni a nan lafiya lau, in ban da miyar waken da kika bar min, wadda yau kwana tara ke nan ina ƙara mata ruwa.

Na koma ga takarda ne don waya ta gagare ni. Sau huɗu ina bugawa gidan yayarki a Rimouski, sau huɗu Pierrette ce ke ɗauka. Jiya cewa ta yi, "Kai! Babban mai zane da kansa? Dakata in miƙe tsaye." Na ce, "Pierrette, don girman Allah ba ni matata." Ta ce, "Wace matar kuma? Ni dai na karanta katin gayyatarka ciki da waje, ban ga kana da mata ba." Kafin in buɗe baki ta ajiye. Shekara talatin da biyar matar nan tana jiran ranar da za ta faɗa min haka, har daga nan ina jin daɗin da ke cikin muryarta.

Kin ce min kwana uku za ki yi, ku zuba tumatir a kwalabe don lokacin sanyi. Lorraine, ko gonar tumatir ta gada ai yanzu kun gama.

Ni ba yaro ba ne, na san katin ne ya kore ki. Ina kallonki ranar da ya zo daga gidan al'adu na unguwarmu. Kina tsaye bakin murhu kika karanta: "Baje kolin zanen Rosaire Bellavance, mahaifin Ludger, 18 ga Nuwamba." Kika ce, "Sun zaɓi takarda mai kyau," kika danne shi da gwangwanin sukari. Washegari sai ga akwatinki a bakin ƙofa.

To amma ki yi min adalci. Ba ni na buga katin ba. Kuma kin san yadda abin ya faro. A 1979, ranar da muka kai wa editan nan mai warin taba shafinmu na farko na zanen barkwanci, mai ɗauke da tsohon ɗan kai wasiƙu Ludger da hankakansa, cewa ya yi, "Suna ɗaya za ku sa, masu karatu ba su da lokacin biyu." Na dube ki, kika ce ba komai. Da bakinki kika faɗa. Daga nan har 2005, kowace Asabar ta Allah, ni in zana da fensir, ke ki bi da tawada, ba mu taɓa fashi ba ko a makon da ƙanƙara ta katse wutar gari. Duk wanda ke cikin sana'ar nan ya san hannunki. Me kati zai ƙara miki? Da gaske nake tambaya, ba neman faɗa nake ba.

Yanzu ga abin da ke gabana. Madam Gauvreau, wadda ke shirya baje kolin, za ta zo ran Alhamis ta zaɓi shafuka sittin daga cikin na asali. Suna ɗakin ƙasa a cikin kwalaye, ban san wanne ne wanne ba, ke kika jera su. Sannan rumfar ledar da ke kare mota daga dusar ƙanƙara tana nan ba a kafa ba, kin kuwa san aikin mutum biyu ne. Maƙwabta duk sun kafa tasu, tamu kaɗai ta rage, har an fara kallona.

Gidan ya yi min girma. Wannan ban yi niyyar rubutawa ba, amma da tawada nake rubutu, ba ta goguwa.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Rosaire


Montréal,
14 ga Oktoba

Lorraine tawa,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan. Ya gwiwa, ya sanyi? Ban ga amsarki ba, ban kuma cancanci gani ba. In wasiƙar da na aiko ran Lahadi tana kusa da ke, ki ba Pierrette ta hura wuta da ita.

Jiya Madam Gauvreau ta zo. Mace ce sa'armu, ba ta da yawan magana, sai ta sa farar safar hannu kafin ta taɓa takarda. Na hauro da kwalaye shida, bayana kamar zai karye, muka baje su a teburin cin abinci. Kin san halina in na samu mai saurare. Na shiga yi mata lacca a kan dalilin da ya sa masu sana'armu ke zane da shuɗin fensir: kyamarar maɗaba'a ba ta ganin shuɗi, baƙin tawada kaɗai take ɗauka, saboda haka mutum na iya rubuta abin da ya ga dama a gefen shafi, ba zai fito a jarida ba. Na nuna mata irin saƙonnin da nake bar miki. "A ƙara kauri a nan." "A bar ƙanƙarar fara." Ina ta zuba.

Ta bari sai da na kai aya, sannan ta sa yatsa ƙasa da rubutuna ta ce, "To wannan ɗan siririn rubutun fa, na wane ne?"

Na sa tabarau. A ƙarƙashin "A ƙara kauri a nan" an rubuta, "Na ƙara. Ka sayo madara in za ka dawo." Na ɗauko shafi na gaba. Ni na ce, "Hankakan ya fi haka fushi." Ke kika ce, "Ka zo in dubi fuskarka da safe, sai in kwaikwaya." Na ɗauko na gaba, da na bayansa, da na bayan wannan. Kowane shafi, Lorraine. Na ja kujera na zauna. Madam Gauvreau ta cire safarta a hankali ta ce za ta dawo wani lokaci.

Na tuna muna yin haka da farko, a ɗakinmu ɗaya na titin Rachel, muna zaune baya da baya, in miƙo miki shafi ta kan kafaɗa, ki maido min da amsa, mu yi ta dariya. Amma tun 1983 da na samu aiki a kamfanin katun, ina fita bakwai na safe in je in zana zomo sau goma sha biyu don ya yi tsalle na daƙiƙa ɗaya a fim, shafin ya daina dawowa hannuna. Ran Talata in ajiye miki a tebur, ran Alhamis ɗan aiken jarida ya karɓa daga hannunki, ran Asabar in sayi jarida a kantin kan kwana in duba aikinmu a ciki. A jarida! Inda ni da bakina na gama bayanin cewa shuɗi ba ya fitowa. Na asalin kuwa in sun dawo a ɗaure, sai ɗakin ƙasa. In na ce na ɗauka kin daina rubutawa, na yi ƙarya. Ban ɗauki komai ba, ban ma tuna ba.

Bayan ta tafi na nemo kwalin 1984, don akwai wani mako da ya daɗe yana damuna. Shafin 12 ga Mayu. Kin tuna? Ran Alhamis ɗin makon kin ajiye min shi kusa da kofin kofina, kika ce, "Duba wannan da kyau kafin a zo ɗauka." Na duba gidajen zanen guda huɗu, na ce, "Hankakan ya yi kyau," na sumbace ki a goshi, na ruga kada bas ya wuce ni. Mako guda kika yi kina min magana ciki-ciki. Sai a mota, a hanyar gidan iyayenki, kika faɗa min kina da ciki, idonki a kan titi. Na yi ta murna ni kaɗai, ina mamakin abin da ya same ki.

Ga abin da ke gefen shafin. Ni na ce, "Jakar Ludger ta ƙara cika." Ke kika ce, "Ba ita kaɗai ba. Likita ya ce Disamba. Ka fara koyon zanen jarirai, Baba." Har kin zana ɗan ƙaramin takalmi a ƙasa.

Na yi kuka, Lorraine, ina kare takardar da hannu kada ta jiƙe. 'Yarmu Maude ta kusa cika shekara ashirin da bakwai, sai jiya na karɓi albishirinta yadda kika shirya min shi. Na san ihu ne bayan hari, amma ga amsata: na ji, na yi murna, kuma takalmin nan ya fi duk wanda na taɓa zanawa.

Saura kwalaye da yawa a ƙasa. Zan hauro da su duka in karanta bi da bi.

Ki gaishe da Pierrette, wannan karon da zuciya ɗaya.

Naki,
Rosaire


Montréal,
24 ga Oktoba

Zuwa ga tsohuwata,

Ina gaishe ki gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fata kina cin abinci, kina barci, kina kuma sa hular nan ja in za ki fita bakin ruwa. Ni lafiya, sai ɗan ciwon wuya na sunkuyo.

Na gama. Shafi dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai, cikin kwana goma. Shuɗin ya koɗe, ba ya karantuwa a hasken fitila, sai na jawo kujera bakin tagar kicin daga hantsi har rana ta juya. Matar da ke bene na sama ta tambaye ni ko jarrabawa zan rubuta, na ce mata na riga na faɗi, gyara nake.

Yawancinsu ba wani abu ba ne. "Maude ta yi haƙori." "Famfon banɗaki yana zuba, karo na uku ke nan ina faɗa." "Yatsu shida ka yi wa Ludger, na cire masa ɗaya." "Wannan hannun mutum ne ko cokali mai yatsu?" Na yi dariya har da tari. Ashe shekara ashirin da biyu ina zaune gida ɗaya da wadda ta fi ni ban dariya, ni kuma ana gayyata ta rediyo in yi bayanin barkwanci.

Akwai na 1987 da ya tsaya min a rai: "Na gane ba ka karantawa. Ba laifi. Ludger zai karanta, ai aikinsa ke nan." Tun lokacin kin sani ke nan, kika ci gaba. Na so in ji haushinki, in ce me ya hana ki kama kunnena ki nuna min. Sai na tuna ran Alhamis ɗin nan, 10 ga Mayun 1984, kin sa min takardar a ƙarƙashin hanci, na yaba hankaka.

Akwai na 1991. Ni na ce, "Sama ta yi duhu sosai." Ke kika ce, "Yau wata ɗaya da rasuwar Babana. Duhun bai yi min wuya ba." Na tuna shafin. Na tuna har na ce miki baƙin ya fito da kyau.

Sai na 1996, shekarar fim ɗin Ludger. Fim na minti bakwai, zane dubu biyar da ɗoriya, kowanne ke kika bi shi da tawada a kan farar leda, shekara biyu, har yatsanki ya yi kanta. Ranar da aka ba mu kyauta na hau dandamali na gode wa mahaifiyata, da malamina na firamare, da mai kamfani, na rufe da gode wa hankaka, jama'a suka yi ta tafi. Kina layi na uku cikin koriyar riga, kin yi tafi ke ma. A wurin cin abinci Pierrette ta ɗaga kofi ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Na ɗauka giya ce ke magana. Ga abin da kika rubuta a makon: "Ka gode wa hankaka, Rosaire, hankakan da ni nake yi wa fuka-fukai. Ina son sunana. Na ce ba komai a 1979 don muna jin yunwa. Yanzu mun ƙoshi."

Kin sake rubuta shi a 1999, kin sake a 2002. A shafin ƙarshe, inda Ludger ya rataye jakarsa, layi ɗaya ne kawai: "Ko sau ɗaya ka duba gefe." Ni kuwa a wasiƙata ta farko har ina tambayarki me kati zai ƙara miki.

Bari in ƙara miki wani. Madam Gauvreau ta dawo ran Juma'a da gilashin ƙara girma. Ta daɗe a kan fuskar Ludger, sannan ta ce, "Girar nan ta hagu, wadda take a ɗage kullum, ba na ganinta a shuɗi." Na karɓi gilashin. A ƙarƙashin tawadarki girata biyu suna nan a kwance daidai wa daida, kamar na kowa. Ke kika ɗaga ta tun shafi na uku, ni kuma na riƙa ganinta a jarida har na yarda tawa ce. Girar da yara ke kwaikwaya a makaranta, wadda na taɓa ce wa ɗan jarida daga kawuna na samo ta! Kawuna ma ba shi da gira, wuta ta cinye ta a masana'anta.

Amma ki kwantar da hankalinki, na gyara komai. Na ce wa Madam Gauvreau a sake babban allon ƙofa, a sa sunanmu mu biyu. Da ma niyyarta a sa kowane shafi a firam, a rufe gefensa da farin kwali yadda aka saba. Na ce a'a, a bar gefen a buɗe, duk Montréal ta zo ta karanta ta san wace ce ke, ta kuma san wane ne ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?" Na ce ban taɓa tabbata da wani abu kamar wannan ba.

Kin ga yanzu ba abin da ya rage sai ki hau bas. Ki faɗa min rana, in zo tasha.

Ni ne mijinki mai jiran ki,
Rosaire


Montréal,
3 ga Nuwamba

Lorraine,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Pierrette. An ce dusar ƙanƙara ta sauka a wajenku shekaranjiya, ina fata ba ki fita da takalman nan marasa kauri ba, don naki na sanyi suna nan bayan ƙofa.

Na sake yin kwaɓa. Ran Lahadi Maude ta zo taya ni kafa rumfar mota. Tana riƙe da ƙarfe ɗaya, ina riƙe da ɗaya, ina ba ta labarin yadda na gyara komai. Sai kawai ta saki nata, rumfar ta kife a kaina.

Ta ce, "Baba, ka tambaye ta?"

Na ce daga cikin leda, "Tambaya kuma ta mece ce? Ai abin da take so ne, da hannunta ta rubuta."

Ta ce, "Suna ta ce tana so. Ta ce maka tana son maƙwabta su karanta mutuwar babanta? Shekara ashirin da biyu tana rubuta wa mutum ɗaya, shi kuma ranar da ya karanta sai ya ce a manna a bango, a sa giya da cuku. Da ka yanke mata ba suna, yanzu ka yanke mata suna. Kai dai a bar ka da yankewa. Fito daga nan, ka yi kama da kifi a kanti."

Bakinki ne da ita, ban san lokacin da kika ba ta ba.

Ran Litinin na je na dakatar da komai. Madam Gauvreau ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Ban ba mai allo aikin ba tukuna. Na ce bari in ga ko wani zai tuna akwai mai magana a Rimouski." Ta ba mu zuwa 14 ga wata.

Don haka ga tambayoyina, da tawada, a tsakiyar takarda. Kina son sunanki a allon? In kina so, wanne, kuma a ina? Gefen shafukan a rufe ko a buɗe? Naki ne, in kin ce a rufe, ba mai sake ganinsu sai ni. In ma kin ce a fasa baje kolin, zan je in faɗa musu da bakina.

Tambaya ta ƙarshe ba ta shafi allo ba. Ina jin tsoro, Lorraine. Yau wata ɗaya da kwana huɗu ban ji muryarki ba. Ina tsoron kada a ce kin gama faɗar abin da za ki faɗa min tun 2005, ni kuma sai yanzu na iso. In haka ne ba zan ga laifinki ba, amma ina so ki dawo.

Cikin kwalin nan mai tsawo da na haɗo da wannan wasiƙa akwai shafi ɗaya da na zana, na farko cikin shekara shida. A gida na ɗaya Ludger ya zazzage tsohuwar jakarsa, wata wasiƙa ta faɗo daga ƙasan ɗinki. A na biyu ya duba kwanan wata, hankaka ya rufe ido da fiffike. A na uku yana tsaye kan matakala cikin ƙanƙara, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na huɗu na bar shi fari, don ban san abin da ke bayan ƙofar ba. Ban rubuta komai a gefe ba.

Ki huta lafiya.

Rosaire


Montréal,
16 ga Nuwamba

Zuwa ga Lorraine Ouellet, mai zane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka lafiya, kuma awa bakwai a kujerar bas ba su taɓa gwiwar ba. Wannan wasiƙar ba za ta ga gidan waya ba. A teburinki zan ajiye ta, kusa da kwalbar tawada, ki same ta gobe in kin cire kwat.

Kwalin ya dawo ran Litinin da hantsi. Na sa wa mai kawowa hannu a inda ba a sa hannu. Zan faɗa miki gaskiya, tunda yanzu ita muke yi: da na warware shafin, idona kan zanen ya fara zuwa. Hali zanen dutse. Amma kafin in kai gida na biyu na kama kaina, na rufe zanen da tawul ɗin kicin, na kai takardar bakin taga, na fara da gefe.

Na haddace shi. "Ɗaya: sunana na gidanmu, Ouellet, kuma a gaba, shekara ashirin da shida kana gaba. Biyu: a buɗe gefen, ban rubuta abin kunya ba. Ban da na 1991, wannan nawa ne, da na 12 ga Mayu, wannan na Maude ne. Uku: hannun da ke ƙwanƙwasa ƙofa duk yatsunsa tsawo ɗaya ne, na gyara. Huɗu: bas ɗin Alhamis, huɗu da minti goma. Ka zo da takalmana."

Na karanta na huɗun ya fi sau ashirin. Sai da na ji ƙauri na tuna da burodi a wuta.

Sannan na ɗage tawul ɗin. Hannunki bai tsufa ba ko kaɗan, layinki yana nan yadda na san shi. A gida na huɗu ƙofa ta buɗe, ba duka ba. Wata tsohuwa mai jar hula ta karɓi wasiƙar da hannu ɗaya, da ɗayan kuma tana miƙo wa Ludger shebur, tana cewa, "Ka makara. Tunda ka zo, share matakalar." Girarta ta hagu a ɗage. Na yi dariya, na yi kuka, na sake yin dariya, har matar sama ta buga min ƙasa da tsintsiya.

Na kai wa Madam Gauvreau da kaina. Ta sa safarta, ta duba, ta ce wannan ne zai tsaya a bakin ƙofa, shi za a fara gani. Mai allo ya gama jiya, na je na gani. Sunanki ya fi nawa kyau a manyan baƙaƙe, ban ji haushi ba sai kaɗan.

Da yamma Pierrette ta bugo, karo na farko a tarihi. Ta ce, "Kai, mai hankaka. Ka je tasha da wuri. In ta sauka ba ta gan ka ba, bas ɗin da ya kawo ta shi zai maido min ita, kuma ba ka sake ganinta sai ƙanƙara ta narke." Na ce, "Tun uku zan je." Ta ce, "Tun biyu." Ta ce ta sa miki kwalaben tumatir goma sha biyu a jaka, in zo da ƙarfina.

Ban ce komai ya gyaru ba. Akwai shafi dubu da ɗari da ke jiran amsa, na fara, ina 1985. Famfon banɗaki ma na kira mai gyara. Na goge takalmanki na sa su a mota tun yau kada in manta, matakala kuma na share ta sau biyu ko da yake ba abin da ya zuba.

Za ki ga da shuɗin fensir na rubuta wannan, kuma na takura rubutuna gefe ɗaya. Filin da na bari naki ne. Ki rubuta abin da kika ga dama, ko madara ce. Zan duba.

Mijinki,
Rosaire